Wayar da Ta Ƙi Karɓar Layi: Yadda Kullen Kamfani Yake da Yadda Ake Buɗe Shi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Wudil ta ratsa Birnin Kudu, ta wuce Babaldu ta nufi Gwaram, ya san layi ɗaya ba ya isar mutum. A cikin gari sabis kan cika waya, amma da ka sauka daga kwalta ka shiga ƙauyukan da ke tsakanin duwatsu, sai layin wannan kamfani ya ɗauke, na wancan ya ci gaba da aiki. Shi ya sa mai cin kasuwar Sara, da ma'aikacin jinya a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, da ɗan acaɓa, yawancinsu da layi biyu suke yawo. A irin wannan wuri, wayar da ta kafe a kan layin kamfani ɗaya, ko ta ƙi duka layukan Najeriya, babbar asara ce ga mai ita.

Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Itel da Infinix, ba su da wannan matsala. A buɗe ake sayar da su, da gurbin sim biyu, domin masu ƙera su sun san halin kasuwarmu. Kullallun wayoyi galibi daga waje suke zuwa: wadda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, ko 'yar gwanjo da ta sauka a Computer Village ta Ikeja, ta biyo ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano, kafin ta iso teburin mai sayarwa a Birnin Kudu. Sai kuma ƙananan na'urorin intanet, modem da MiFi, waɗanda kamfanonin layi na nan gida suke sayarwa da tambarinsu a jiki.

Asalin kullen lissafin kasuwanci ne. A Amurka mutum ba ya cika zuwa kanti ya biya kuɗin waya gaba ɗaya. Kamfanin layi ne yake ba shi ita, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan tare da kuɗin kira na wata, har tsawon wata 24 ko 36. Don kada ya karɓi wayar ya koma wurin abokin gasa, sai kamfanin ya sa a kulle ta a kan layinsa. Mu a nan tun da Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001, al'adar da ta kafu ita ce ka sayi wayarka daban, ka sayi layinka daban. Amma dabarar ta shigo mana ta kan modem: kamfani ya sayar da shi da rahusa, da niyyar mayar da kuɗinsa daga datar da za ka riƙa saya.

To, a ina kullen yake zaune? Mutane da yawa suna zaton a jikin sim yake, wasu su ce daga ƙarfen sabis ake hana wayar. A cikin wayar yake. Kowane sim yana ɗauke da wata doguwar lamba wadda ba ita ce lambar da ake kiranka da ita ba. Alƙaluma ukun farko na wannan lamba suna nuna ƙasa: Najeriya 621, Nijar 614, Saudiyya 420. Biyun da ke biye suna nuna kamfani: Airtel 20, MTN 30, Glo 50, kamfanin da a da ake kira 9mobile 60. Da zarar ka kunna waya, ɓangaren da ke kula da sadarwa zai karanta waɗannan alƙaluma. Buɗaɗɗiyar waya ba ta damu da abin da ta gani ba, sai ta shiga neman ƙarfen sabis. Kullalliya kuwa kamar mai gadi ce da aka ba takardar sunaye a bakin ƙofa: in lambar ba ta cikin takardar, ba za ta bari sim ɗin ya yi magana da kowa ba, ko da ƙarfen sabis yana bayan gidanka. Kyamara za ta yi aiki, Wi-Fi zai kama, amma babu kira, babu saƙo.

Mabuɗin yana da alaƙa da wata lambar kuma, ta wayar kanta, wadda ake kira IMEI. Alƙaluma 15 ce, kuma kowa zai iya ganin ta wayarsa in ya danna *#06#. A tsofaffin Nokia da tsofaffin modem na Huawei, lambar buɗewa ana fitar da ita ne daga IMEI ta wani lissafi. Da lissafin ya fita fili, sai kowane mai gyara da ke da kwamfuta ya iya fitar da lambar cikin minti ɗaya. Wannan ne zamanin da buɗe modem ya zama sana'ar samari a kowane gari. Daga baya masu ƙera wayoyi suka sauya hanya. Yanzu lambar kowace waya zaɓe ce kawai, ba ta bin wani lissafi, kuma tana ajiye a rumbun bayanan kamfanin da ya ƙera ta da na kamfanin layin da ya sayar da ita.

Wannan sauyi ne ya bayyana abin da ke ba mutane mamaki, har wasu su zargi mai gyara da cuta. In ka kai masa Samsung ɗin da aka kulle a kan wani layin Amurka, sau da yawa ba a shagonsa ake aikin ba. IMEI ɗinka zai aika wa wani dillali ta intanet, ya biya da dala, ya jira kwana ɗaya ko mako guda kafin lambar ta dawo. Kuɗin yana bin sunan kamfanin da ya kulle wayar da kuma farashin dala a ranar. Shi ya sa waya biyu iri ɗaya za a iya neman kuɗi daban-daban a kansu. Abin da nake roƙon mai waya shi ne kada ya zauna yana gwada lambobi da ka. Waya tana ƙirga kuskure. Modem na Huawei da yawa sau goma kawai suke bari, wasu wayoyin ma ba su kai haka ba, kuma in adadin ya cika, ƙofar shigar da lambar takan rufe gaba ɗaya, aikin ya ninka wahala da kuɗi.

Ita iPhone nata tsarin daban ne, kuma a nan aka fi yaudarar masu saye. Ba ta da wurin shigar da lamba. Duk lokacin da aka sa mata sabon sim, sai ta tuntuɓi kwamfutocin kamfanin Apple ta tambaya ko an yarda ta karɓe shi. Saboda haka buɗewar gaskiya ɗaya ce: kamfanin layin da ya sayar da ita ya sanar da Apple cewa ya sake ta. Tun daga farko mutane suke neman kewaye wannan. A watan Agustan 2007 wani saurayi ɗan shekara 17 a Amurka, George Hotz, ya kwance iPhone ta farko ya raba ta da layin AT&T, labarin ya zagaye duniya. Abin da ya rage na irin wannan dabara a kasuwanninmu shi ne ɗan siririn cif da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sim, ya riƙa gaya wa wayar cewa layin kamfaninta ne a ciki. Yana aiki, amma aikin wucin gadi ne. Sabis kan riƙa ɗaukewa, sauya layi yakan zama wahala, kuma sabunta manhaja ko goge wayar na iya mayar da kai gidan jiya. Waya mai cif ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma babu laifi a sayar da ita in an faɗa wa mai saye. Laifin shi ne a karɓi kuɗin buɗaɗɗiya a miƙa mai cif. Ganewa ba wuya: a zaro tiren sim a duba, sannan a shiga saitin wayar wurin bayaninta, inda buɗaɗɗiya take rubuta "No SIM restrictions".

Wasu ƙasashe sun riga sun ga cewa kullen yana tauye mai saye. Amurka ta yi doka a 2014 da ta halatta wa mutum buɗe wayarsa. Kanada ta hana sayar da kullallun wayoyi daga Disamban 2017, hukumar Ofcom ta Ingila ta bi sahu a Disamban 2021. Amfanin sanin wannan shi ne, in ɗan'uwanka zai aiko maka da waya daga Amurka, ka ce ya nemi kamfaninsa ya buɗe ta kafin ta taso. In ya gama biyan kuɗinta, kyauta ake yi masa.

Filashin, wato sake zuba wa waya manhaja, wani abu ne da ake yawan haɗawa da buɗewa. Yana gyara wayar da ta rikice ko ta tsaya a kan tambari, amma a yawancin wayoyin zamani ba ya cire kullen layi, domin kullen yana wani sashe da ba a taɓawa. Yana kuma share hotuna da lambobi, kuma in aka zuba manhajar da ba tata ba, waya na iya mutuwa ko ta rasa IMEI ɗinta.

Akwai kuma wayar da babu kulle a kanta ko kaɗan, amma ta ƙi ba da intanet mai sauri. Matsalarta zangon rediyo ce. Kowane kamfani yana watsa sabis ɗinsa a kan wasu zanguna da hukumar NCC ta ba shi lasisi. A Najeriya kira na yau da kullum yana kan 900 da 1800, 3G yana kan 2100, 4G kuma ya rarrabu a kan 700 da 800 da 1800 da 2600. Amurka ta ginu ne a kan 850 da 1900 da wasu daban. Manyan wayoyi masu tsada sukan iya jin kusan duka, amma ƙananan da aka ƙera don kasuwar Amurka kaɗai sukan rasa wasu. Wannan ya fi shafar mutumin karkara, domin ƙananan zanguna irin 700 da 800 da 900 su ne suke tafiya nesa, su ratsa bango da bishiyoyi. Wayar da ta rasa su za ta iya yin kyau a Kano ko Dutse, a kai ta Basirka ko Fagam ta koma rarrafe. Babu lambar da ke gyara wannan, domin a ƙirar wayar yake. Waɗanda suka riƙe wayoyin Starcomms da Visafone za su tuna irin haka: fasaharsu CDMA ce, kuma ba a iya mayar da su layin MTN ko Glo. Sabon salon matsalar shi ne iPhone 14 da na bayanta da aka yi don Amurka tun 2022, waɗanda ba su da gurbin sim sam, sai layin da ake saukewa cikin waya, eSIM. Kamfanoninmu sun fara ba da shi, MTN tun 2020, amma wanda ya saba zare layi ya sa wani a kan hanyar ƙauye ya yi tunani kafin ya saya.

Sai nau'in kulle na ƙarshe, wanda nake ganin ya kamata mu tsaya a kansa da gaske. Tun 2013 Apple ya sa iPhone ta riƙa neman asusun iCloud na mai ita bayan an goge ta, Google ya kawo irin wannan a Android a 2015. Wayoyin bashi da ake biya kullum ko duk mako su ma suna da manhajar da ke rufe su in an daina biya. Kamfanonin layi a ƙasashe da yawa kuma suna sa IMEI na wayar da aka sace ko aka gudu da bashinta a cikin baƙin kundi. Duk waɗannan ba ruwansu da layin da ka sa. Tambayar da suke yi ita ce: wayar ta wane ne? Gaskiya ne akwai dattijon da jikansa ya buɗe masa asusu aka manta lambar sirri, kuma wannan yana da haƙƙin a taimaka masa. Amma kowa ya san irin rayukan da ƙwacen waya ya ci a Kano, kuma kowa ya san wayar da aka ƙwace ba a unguwar ake sayar da ita ba. Garuruwan da ke kan babbar hanya irin namu suna cikin inda take iya ɓullowa. Ɓarawo ba zai sami riba ba sai da mai goge asusu da mai sauya IMEI. Ingila ta mai da sauya IMEI laifi tun 2002. A nan ma karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar ƙasa, haramun ne a addini. Mai gyaran da ya ce sai ya ga rasit ko kwali kafin ya taɓa irin wannan waya yana kare kansa, yana kare sana'arsa, kuma ya cancanci a yaba masa maimakon a ji haushinsa.

Wani lokaci ma ba wayar ce ke buƙatar sauyi ba. Wanda sabis ɗin kamfaninsa ba ya kai wa ƙauyensu, amma yana tsoron rasa lambar da abokan ciniki suka sani, zai iya komawa wani kamfani da lambarsa. NCC ta buɗe wannan hanya tun Afrilun 2013, kuma a ofishin kamfanin da kake son komawa ake yi, da shaidarka ta NIN.

Ɗan'uwa mai shirin sayen waya ta hannu, araha ba ta ado. Ka je da layukanka biyu na kamfanoni daban-daban, ka sa kowanne da hannunka, ka yi kira, ka kunna data ka ga ko 4G ya fito. Ka danna *#06# ka gwada lambar da ta jikin kwali. Ka sa mai sayarwa ya cire asusunsa, ya goge wayar, ta tashi a gabanka ba tare da ta nemi sunan kowa ba. Sannan ya rubuta maka rasit mai ɗauke da IMEI da sunan shagonsa. In ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka riƙe kuɗinka ka tafi shago na gaba.