Keke a Duwatsun Rurum

'Yan uwana mata, wai wa ya ce keke na maza ne kaɗai? Da hutun damina ni da yayana muka hau keke daga Rano zuwa Rurum. Hawan tudu kam sai da na sauka na tura. Amma gangara ce abin tsoro: in an yi ruwa birki ba ya kamawa sosai, zani kuma kan shige sarƙa. Ki sa wando a ciki, ki fara matsa birkin baya.

Duwatsun sun yi kore shar, can gaba ga ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Wata tsohuwa ta riƙe baki: "'Yar nan, wa zai aure ki?" Yaya ya ce, "Iya, mai keke mana."