3.3 Daidaita Manhajojin Ɗori da Rigar Wayar Hannu a Tsarin MediaWiki

Kamar yadda aka bayyana a sashen da ya gabata, MediaWiki ita ce manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta. A wannan tsari, rubutun shafi daban ne, siffar da yake fitowa da ita kuma daban. Siffar ita ake kira riga a wannan nazari, domin ana iya tuɓe ta a sa wata ba tare da an taɓa rubutun ba. Manhajar ɗori kuwa ita ce ƙaramar manhaja da ake ɗorawa a kan babba don ta ƙara mata wani aiki, kamar maɓallan saka haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, a akwatin rubutu. Wannan sashe zai duba dalilin da ya sa ɗori kan yi aiki a kwamfuta ya ƙi yi a waya, da yadda ake magance hakan.

3.3.1 Tushen Matsalar

Wikipedia ta fara amfani da rigar MonoBook a 2004, sannan Vector ta gaje ta a 2010. Duka biyun an ɗinka su ne don faffaɗan allo da linzamin kwamfuta, da jerin mahaɗai a gefe da kuma saman shafi. Marubuta ɗori na lokacin sun ɗauka haka kowane shafi zai kasance. Rigar waya mai suna Minerva, wadda ta taso cikin manhajar MobileFrontend kafin a ware ta a 2017, ta saɓa wa wannan zato. Tana ɓoye mahaɗai a bayan maɓalli guda, ana naɗe sassan maƙala sai an taɓa su buɗe, hotuna kuma ba sa sauka sai mai karatu ya kusa kai musu. Daga nan matsala kan ɓullo ta fuska uku:

(a) Wuri: ɗorin da aka umarta ya liƙa maɓalli a wani gurbi na Vector zai nemi gurbin a Minerva ya rasa. Sau da yawa ba ya nuna alamar kuskure, maɓallin dai ba ya fitowa.

(b) Taɓawa: bayanin da ke bayyana idan an ɗora linzami a kan kalma ba shi da madogara a allon da yatsa ke sarrafawa.

(c) Nauyi: duk ɗori kaya ne da waya za ta sauke, ya ci data, ya kuma jinkirta buɗewar shafi.

Saboda irin waɗannan matsaloli ne aka daɗe ResourceLoader, wato sashen da ke aika JavaScript da CSS zuwa burauza tun 2011, ba ya kai ɗori waya sai marubucinsa ya ayyana cewa ya dace da ita. A 2023 aka yi watsi da wannan shinge. Ke nan alhakin tabbatar da dacewa ya koma wuyan marubucin ɗori.

3.3.2 Hanyoyin Daidaitawa

Hanya ta farko, kuma mafi muhimmanci, ita ce ɗori ya daina dogaro da fasalin wata riga guda. Maimakon ya laluba gurbi da kansa, sai ya bi ƙofar da MediaWiki ta tanada, kamar umarnin addPortletLink, ya kuma bincika ko an sami gurbin kafin ya ci gaba. Haka kuma zai saurari sanarwar da tsarin kan bayar idan abin da ke shafi ya sauka ko ya sauya, domin kada ya fara aiki a kan abin da bai iso ba.

Ta biyu, a raba aiki da ado. Aikin ɗori ya zama ɗaya a ko'ina, adon da ya keɓanta ga wata riga kuma a ajiye shi ƙarƙashin skinStyles. Dangane da girman allo, ƙa'idojin CSS da ke auna faɗinsa sun fi ƙoƙarin gane sunan waya inganci, domin sababbin wayoyi ba sa ƙarewa.

Ta uku, duk abin da linzami ke yi a samar masa madadi na taɓawa, a kuma ba yatsa fili. Kamfanin Apple ya ba da shawarar kada maɓalli ya gaza 44 a tsawo da faɗi, Google kuwa 48, kowanne bisa ma'aunin allonsa.

Ta huɗu, a jinkirta sauke ɗori har sai an buƙace shi, sannan a gwada shi a ƙaramar waya ta zahiri mai raunin sadarwa, ba a taƙaita ga ƙanƙance tagar burauza a kwamfuta ba.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa lamarin ya wuce batun kyan shafi. Mai gyara a Wikipedia ta Hausa wanda waya ce kaɗai abin aikinsa, idan maɓallan haruffa suka ɓace masa, yana iya rubuta "kasa" a inda yake nufin "ƙasa", ma'ana ta sauya. Sashe na gaba zai duba matakan gwaji dalla-dalla.