Yadda Ake Auna Jiran Layi

A Amurka akwai gidajen abinci inda direba kan yi sayayya ta taga ba tare da ya sauko daga mota ba. Masu wuraren kan ƙidaya daƙiƙun da kowace mota ta yi a layi, domin jinkiri hasara ne. Haka abin yake a tashoshin Anka, Gummi da Bukkuyum: in mai shayi ya yi nawa, direba ya tayar da mota, ciniki ya wuce.

To, yaya ake auna jira? A 1961 masani John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida: a raba matsakaicin yawan mutanen da ke wurin da yawan masu zuwa cikin awa guda. Alal misali, in mutum 30 ke zuwa a awa, kuma akan tarar da 5 a tebur, kowa zai yi sudusin awa, wato minti 10. In mai shayin ya ɗauki yaro, na tebur suka ragu zuwa 3, lokacin ya koma minti 6.

Ɗalibi mai agogo da littafi na iya gwada wannan ran kasuwa.