Gajeren Wuya: Gado Ne ko Alama?

A ɗakin awon yara inda nake aiki, kowace uwa ta san sikeli, ta san igiyar nan mai launi uku da muke ɗaura wa yaro a damtse don gano tamowa. Amma ranar da na ɗora tef a ƙeyar wata yarinya 'yar shekara 7, sai kakarta ta riƙe haɓa.

"'Yar nan, wuya kuma ake aunawa? Ai na dangin ubanta ta ɗauko."

Na ce, "Iya, a yi mini haƙuri kaɗan."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na kira yarinyar ta gefe, ba ta juyo da kai ba, jikinta duka ta juyo. Gashin ƙeyarta kuma ya sauko har kusan kafaɗa. Alamomin nan uku, gajeren wuya, saukar gashi da ƙin juyuwa, su ne likitocin Faransa biyu, Maurice Klippel da André Feil, suka bayyana a 1912. Wuyan ɗan Adam ƙasusuwa bakwai ne, daidai da na raƙumin dawa. A lalurar da suka bayyana, biyu ko fiye suke mannewa tun a ciki.

Awon ba wahala. Yaro zai miƙe yana duban gaba, a ɗora tef daga ɗan tudun ƙashin da ke bayan kai zuwa ƙashin da ke ɓullowa a gindin wuya idan aka sunkuya, wato na bakwai. Sai a gwada da tsawon yaron da shekarunsa, domin ido yana ruɗi. Kowane jariri kamar ba shi da wuya, mai ƙiba ma haka. Lamba kuwa ana rubuta ta, a sake dubawa baɗi.

Tef ba ya yanke hukunci, hanya kawai yake nunawa. Gajeren wuya mai faɗin fata a gefe kan bayyana a 'yan mata masu lalurar Turner, wadda ke hana tsawo da balaga. Jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin tayirod shi ma yakan zo da gajeren wuya, kuma maganinsa ƙwaya ce, muddin an fara da wuri kafin ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Yarinyar nan mun tura ta hoto, aka ga ƙasusuwa biyu a manne. Likita ya sa a duba ƙodarta da jinta, don lalurar takan taɓa su. Ya kuma hana a ɗora mata tulu ko farantin talla, abin da ya fi damuna ke nan tun farko.

Iyaye, idan yaronku ba ya iya waiwaye sai da kafaɗa, ku kawo shi a auna.