Idan Sito Ya Bar Kano Ya Koma Kazaure

Katan ɗin taliya da buhun sukarin da ke shagon ɗan tireda a Gwiwa, mafi yawansu daga Kano suka fito. Tirela ta sauke su a Kasuwar Singa, 'yan dako suka shigar da su sito, wasu 'yan dakon suka fito da su, aka loda a kanta ko a-kori-kura, aka bi ta Dambatta zuwa Kazaure, daga nan aka karkasa zuwa Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Duk inda aka sauke kaya aka sake ɗorawa, kuɗi ya hau, kuma mai saye a ƙauye ne ke biya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin motar nan ya zama abin da dila ke fara lissafawa kafin riba. Shi ya sa tambayar ba ta wasa ba ce: me zai hana a ɗauke sito daga Kano a kai shi Kazaure?

A takarda abin yana da kyau. Fili ya fi araha, haya ta fi sauƙi, babu cunkoson da ke sa direban tirela ya wuni yana jiran wurin juyawa. Kazaure, wadda ke Jihar Jigawa, tana kan titin Kano zuwa Daura, ƙasarta kuma ta kutsa tsakanin Kano da Katsina. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke yi, an tsara ya ratsa Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Sai dai abin da ke riƙe sito a Kano ba gini ba ne. Ɗan sarin da ya taso daga Roni da asuba ba sukari kaɗai ya kai shi birni ba. Zai biya Singa, ya leƙa Kantin Kwari ya ɗauki atamfa da shadda, ya shiga Sabon Gari don robobi, duk a mota ɗaya da kuɗin mota ɗaya. Uwa uba, akwai Alhajin da ya san shi tun yana yaron shago, wanda zai ce masa, "Ɗauki, ka kawo ranar kasuwa." Bashin nan na amana shi ne jarin yawancin ƙananan 'yan kasuwa, kuma ba ya bin kaya zuwa sabon sito sai an daɗe ana cuɗanya. Idan ka kawo masa sukari Kazaure amma sauran buƙatunsa suna Kano, Kano zai tafi.

Ga kuma maganar dawowar mota. Tirelar da ta sauke a Kano ba ta rasa lodin komawa kudu: ga hatsi da riɗi da zoɓo a Dawanau. Wadda ta sauke a Kazaure, in ba a tanadar mata kaya ba, wayam za ta juya, mai motar kuma zai ɗora kuɗin gas ɗin a kan wanda ya ɗauke shi haya. A ganina nan ne maganar take tsayawa ko faɗuwa. Abin takaici shi ne riɗin da geron da ake lodawa a Dawanau, wani daga gonakin Jigawa ya fito. Sito a Kazaure zai yi ma'ana ne in zai karɓi kayan masarufi ya kuma tara amfanin gona, mota ta zo cike ta koma cike.

Babura kuwa, in can aka yi tunanin kai siton, lissafinta daban. Ba ma a masarautar Kazaure take ba, ta Ringim ce, kuma tana da hanyarta zuwa Kano ta Kanya Babba da Kunya. Idonta yana kan Nijar. Wanda zai kafa sito saboda cinikin ƙetare ya tuna cewa an rufe iyaka a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe iyakar Maigatari da wasu uku. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Kayan abinci ba sa jiran siyasa, lokacinsu ƙarewa yake yi a cikin kwali.

Tsallaka iyakar jiha ma da nasa. Kafin 27 ga Agusta, 1991 Kano da Jigawa duk jiha ɗaya ce. Yanzu sabuwar rajistar wurin kasuwanci ce, harajin albashin ma'aikatan da suka tare ya koma Dutse, wurin gwamnatin Jigawa, ga 'yan rasit na ƙananan hukumomi a hanya. Wuta dai KEDCO ce can da nan, ba a tsere wa komai ba.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne babban sito ya zauna Kano, a buɗe ƙarami a Kazaure na kayan da ke da nauyi da saurin tafiya, irin su siminti da taki da fulawa da gishiri, waɗanda kuɗin motarsu ke cinye ribarsu. Sauran kuma sai jirgi ya fara tsayawa a tashar Kazaure an ga nawa zai caji buhu.