Rodolfo Stavenhagen da Batun Mulkin Mallaka na Cikin Gida

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan Rodolfo Stavenhagen (1932-2016), masanin ilimin zamantakewa na ƙasar Meksiko, da yadda nazarinsa ya shafi makomar harsunan 'yan asalin ƙasa. Ya kamata a lura tun farko cewa "ɗan asalin ƙasa" a nan ya bambanta da "ɗan asalin jiha" da ake rubutawa a takardun neman aiki a Nijeriya. Ana nufin al'ummomin da Turawan Sifaniya suka tarar a Latin Amurka, kamar Maya da Mazatek, waɗanda har yau suke riƙe da harsunansu.

2.0 Rayuwarsa da Ra'insa

An haife shi a birnin Frankfurt na Jamus. Iyayensa Yahudawa ne da suka tsere wa mulkin Nazi, suka isa Meksiko a 1940. Ya yi karatu a Chicago da Meksiko, sannan ya sami digirin digirgir a Paris a 1965. Tun yana matashi, a shekarun 1950, ya yi aiki a yankin kogin Papaloapan, inda gwamnati ta tayar da dubban Mazatek daga gonakinsu domin gina madatsar ruwa.

A wancan zamani masana da yawa suna ganin talaucin Indiyawan Meksiko ya samo asali ne daga keɓewarsu, don haka maganinsa shi ne a narkar da su cikin al'ummar ƙasa, su bar harshensu su rungumi Sifaniyanci. A wata maƙala ta 1965, wadda ya warware ra'ayoyi bakwai da ake yi game da Latin Amurka, Stavenhagen ya nuna cewa ƙauyukan nan sun daɗe a ɗaure da birane: daga gare su ake kwasar amfanin gona da ƙwadago mai araha. Wato birni yana yi wa karkara abin da Bature ya yi wa ƙasar da ya mallaka. Wannan shi ne ra'in "mulkin mallaka na cikin gida", wanda shi da Pablo González Casanova suka yayata. A littafinsa na 1969 ma ya kwatanta manoman Maya da Agni na ƙasar Kodebuwa.

Ga masanin harshe, muhimmancin ra'in a fili yake. Idan uba ya hana ɗansa magana da Mazatek, bai yi hakan don harshen ya gaza ba. Kotu da makaranta da kasuwa ne suka ɗora wa mai jin sa hasara.

3.0 Daga Jami'a zuwa Fagen Gwagwarmaya

A 1973 ya kafa cibiyar nazarin zamantakewa a El Colegio de México. Boren 'yan Zapatista a jihar Chiapas, ranar 1 ga Janairun 1994, ya fito da batun da ya daɗe yana rubutu a kansa zuwa bainar jama'a. A 2003 Meksiko ta yi dokar da ta amince da harsunan 'yan asali a matsayin harsunan ƙasa, kodayake amincewa a takarda ba ta samar da malamai da tafintoci nan take.

Daga 2001 zuwa 2008 shi ne wakili na musamman na farko na Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa. A cikin wa'adinsa ne, ranar 13 ga Satumban 2007, Majalisar ta zartar da ƙudurin haƙƙinsu, wanda ya haɗa da haƙƙin ilimi cikin harshen uwa. Ƙasashe 4 suka ƙi, 11 suka ƙaurace wa zaɓen, cikinsu har da Nijeriya da Kenya.