Abin da Ya Sa Azara Ba Ta Yin Tsawo

Duk wanda ya shiga tsohon soro a Kazaure, Ɓaɓura, Roni ko Gwiwa zai lura cewa magina ba sa barin azara ta tsallaka fili mai faɗi ba tare da madogara ba. Yawanci tazarar ba ta kai mita 2. Dalilin haka yana cikin ilimin kimiyya.

Idan aka ɗora ƙasa a kan azara, sai ta ɗan lanƙwasa. Samanta yana matsewa, ƙasanta kuwa yana miƙewa kamar igiyar guga. Laka tana jure matsi, amma ba ta jure ja, shi ya sa ake haɗa ta da itace. Giginya ta dace da wannan aiki domin zarurrukanta masu tauri sun fi cunkushewa a gefen gangar jikinta, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi.

A 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa lanƙwasar abu tana ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora masa. Abin da ya lanƙwasa kuma yana ajiye ƙarfi a cikinsa, kamar bakan maharbi kafin ya saki kibiya. A 1873 wani injiniya ɗan Italiya, Alberto Castigliano, ya nuna amfanin wannan ajiya: a lissafa ƙarfin da ya taru, a duba yadda yake ƙaruwa idan aka ƙara nauyi kaɗan a wani wuri, amsar ita ce yawan lanƙwasar wurin.

Lissafin ya nuna cewa idan aka ninka tsawon azara sau 2, kauri da dabe ba su canja ba, jan da ke ƙasanta zai ninku sau 4, lanƙwasa kuwa sau 16. Rufi ya lotsa ke nan, ruwan damina ya kwanta, ƙasa ta jiƙe ta ƙara nauyi, har rufin ya rufta.

Maganin da magina suka samo shi ne bakan gizo da ɗaurin guga. Sukan jera gajerun azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su, a lulluɓe da laka, nauyi ya gangara bango. Da wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ɗalibi na iya gwadawa da kara: ya ɗora shi kan duwatsu 2, ya rataya nauyi a tsakiya, ya riƙa nisanta duwatsun yana auna lanƙwasar.